Farfesa Almustapha Shitu, Maɗorin Dayi da Ya Ƙi Ɗora 'Yarsa

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Farfesa Almustapha Shitu a garin Dayi, cikin ƙasar Malumfashi, a daminar shekara ta 1958. Mahaifinsa, Malam Shitu Maɗori, manomi ne, kuma shi ne na biyar a jerin masu ɗorin karaya na gidansu, mahaifiyarsa Tasalla kuwa 'yar Danja ce. A zauren gidan nan Almustapha ya buɗe ido ya ga ana shigo da wanda sa ya tattake da wanda ya faɗo daga kan rimi, ana jan ƙafa, ana jera karare, ana naɗewa da tsumma. Gidan yana da wata ƙa'ida da suka gada kaka da kakanni, cewa maɗori ba ya ɗora ɗan cikinsa. Sa'ad da Almustapha ya karye a hannu yana ɗan shekara tara, uban nan da ake yi wa tattaki daga Funtua da Bakori sai ya aza shi bisa jaki ya kai shi wurin wani maɗori a Malumfashi. Hujjarsa ita ce tausayi yana sanyaya hannu, idan kuwa hannu ya yi sanyi wajen ja, ƙashi a karkace yake haɗuwa.

Karatunsa

Ya sauke Alƙur'ani a 1970, ya yi sakandare a Funtua, sa'an nan ya shiga jami'a a Zariya, inda ya kammala karatun likitanci a 1983. Abokan karatunsa sun riƙa tsokanarsa da sunan Ɗan Ɗori, shi kuwa ko a jikinsa, don da aka zo darasin ƙashi su suka koma binsa da littafi a hannu. Ya ƙware a tiyatar ƙashi, kuma a 1991 ya tafi ƙasar Jamus, ya shekara biyar yana nazarin tambaya ɗaya tak da ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya: me ya sa wani ƙashi ke haɗuwa, wani kuma ya mutu a cikin jikin mai rai?

Aurensa da 'ya'yansa

Ya auri Hajiya Kulu, malamar makaranta 'yar Kafur, a 1985, zamanin da ba a saba gwajin jini kafin aure ba. Ashe dukansu biyu suna ɗauke da irin cutar sikila ba su sani ba. Allah Ya ba su 'ya'ya biyar, biyu daga ciki suka zo da cutar. Ɗansu na biyu, Bature, ya rasu a 1994 yana ɗan shekara biyar, mahaifinsa yana can ƙasar waje, bai ko ga gawarsa ba. Ɗayar ita ce autarsu Kausar, wadda aka haifa a 2003. Wannan rashi ya yi wa Farfesa ciwo ƙwarai, kuma bai taɓa ɓoye cewa shi ya karkata bincikensa zuwa ga masu sikila ba.

Bincikensa

Bayan dawowarsa gida a 1996 ya duƙufa kan wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin ɓargo, waɗanda ba su riga sun zama komai ba, amma suna iya rikiɗa su zama ƙashi. Idan yana yi wa manoma bayani cewa yake yi, «Iri ne Allah Ya ajiye muku a rumbun jikinku, ni nawa shuka.» Yakan zuƙo ɓargo daga ƙugun majinyaci, ya tace ƙwayoyin, ya zuba su kan garin ƙashin shanu da aka ƙone aka tsarkake, sa'an nan ya huda mataccen ƙashin ya cusa su ciki. Shekara ashirin da uku ya yi yana faɗi-tashi a kan wannan, har wasu suka ce Farfesa ya zama abokin mahautan Funtua. Allah mai iko, a 2019 aka amince da hanyar tasa, ya buɗe 'yar cibiya a Dayi, mutanen da aka fid da rai da tafiyarsu suka riƙa fitowa da ƙafafunsu.

Jarrabawar da ta same shi

A wannan shekara ce dai ciwon ƙugu ya kama Kausar tana 'yar shekara goma sha shida. Hoto ya nuna kan ƙashin cinyarta ya fara mutuwa, kuma Farfesa ya fi kowa sanin cewa da zarar ya rufta, shuka ba za ta yi amfani ba. A duk yankin, shi kaɗai ya iya aikin. Da aka shiga 2020 kuma annobar korona ta rufe hanyar fita waje. Kowa ya ɗauka gobe-goben nan zai shiga da ita ɗakin tiyata, sai ya ce faufau, ƙa'idar gidansu ba ta faɗi don an canja karare da allura ba.

Hankalin Hajiya Kulu ya tashi matuƙa. An ruwaito ta ce masa, «Haba Malam, ka tayar da 'ya'yan mutane, taka tana jan sanda a tsakar gidanka? Bature bai ishe mu ba?» Shi kuwa ya amsa da cewa, «Kulu, wallahi idan na ji ta yi nishi, hannuna zai tsaya tun ban kai inda ya kamata ba. Na san hannuna.» Wata uku suka yi gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Abin da ya yi shi ne ya kira ɗalibarsa, Dakta Barakatu Murtala, likitar ƙashi 'yar Funtua, ya gindaya mata sharaɗin sai ta yi wa majinyata arba'in aikin a gaban idonsa kafin ta taɓa 'yarsa. Wata ashirin ana wannan horo. Kausar tana kan sanduna biyu, an hana ta taka ƙafar ko sau ɗaya, duk bayan wata biyu ana ɗaukar hoto, uban yana auna abin da ya rage na ƙashin, yana ramewa a tsaye. A tsakanin nan ciwon ƙoda ya kama shi, ya ƙi kwanciya. A watan Nuwamba na 2021 Dakta Barakatu ta cika arba'in, Kausar ta zama ta arba'in da ɗaya. Ranar aikin, mutumin da ya ƙago hanyar bai leƙa ɗakin ba, a kan benci ya zauna cikin 'yan rakiya, yana jan carbi har awa uku.

Rasuwarsa

Daga nan jikinsa ya ci gaba da tsananta. Ranar 13 ga Maris 2022 Dakta Barakatu ta kawo masa hoton wata huɗu har gado, ya ɗaga shi saitin taga ya daɗe yana dubawa, hawaye na zuba, ya ce, «Alhamdulillahi, ya tsiro. Barakatu, ke za ki ce mata ta taka, majinyaciyarki ce.» Likitar ta tsayar da ranar Juma'a don ajiye sanduna, amma wa'adi bai kai shi ba. Ya rasu da safiyar Talata, 15 ga Maris, cikin watan Sha'aban, yana da shekara sittin da uku. An yi masa salla bayan Azahar, aka binne shi a maƙabartar Dayi kusa da mahaifinsa, maɗoran Malumfashi da Kafur da Danja suna karɓa-karɓar makara da likitoci.

Matan da ke cikin gida sun shaida cewa da aka ɗauko shi za a fita, Kausar ta dubi Dakta Barakatu, ita kuwa ta gyaɗa mata kai. Yarinyar ta jingine sandunan a bango, ta bi bayan makarar daga ƙofar ɗaki har bakin zaure, tana kuka, Hajiya Kulu tana biye da hannu a miƙe, amma har suka isa ba ta riƙe ta ba.

Allah Ya jiƙansa da rahama. Ya bar matarsa Hajiya Kulu da 'ya'ya huɗu: Awaisu, malamin gona a Malumfashi, Zaharaddeen, mai harhaɗa magunguna a Funtua, Nana Khadija, ungozoma a Danja, sai auta Kausar, malamar firamare a Dayi, wadda kullum safiya a ƙafa take zuwa makaranta.