Tafintan da Aka Yi Layi a Bayansa

Obadiah bai taɓa fassara abin da aka faɗa ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Manomin citta ne a Kwoi, amma da tafinta aka san shi a majami'u har Kafanchan. Mai wa'azi zai yi jimla ɗaya da Turanci, Obadiah ya yi biyar da Hausa. In aka yi masa magana sai ya ce, "Ɗanya ya kawo ta, ni na shanya."

Hanyarsa ba ta canzawa. Yakan fara da abin da ke damun mutane, ko tsadar taki ko gadar da ruwa ya cinye. Daga nan ya kira sunan wata tsohuwa a cikin taro, ya tambaye ta ko ƙarya yake yi. Babbar maganar yakan faɗe ta sau uku, sannan ya yi shiru har sai an fara gyara zama. Mata sun sha kuka a kan wa'azin da mai shi bai san ya yi ba.

A zaɓen kansiloli na 1990, wani tsohon akawun jirgin ƙasa mai suna Leonard ya tsaya takara. Leonard na jin Hausa sarai, amma a ganinsa babban mutum da Turanci yake magana. Ya ɗauki Obadiah, ya yi masa alkawarin aiki a sakatariya, mai kujera da fanka. Obadiah ya haura hamsin, gwiwoyinsa sun gaji da gona. Aikin nan ya shiga ransa.

Suka zaga ƙauyuka. Leonard ya ce zai duba batun ruwa, Obadiah ya ce, "Zan haƙa rijiya! Zan haƙa! Zan haƙa!" yana dukan ƙirji.

Matarsa Lai'atu ta ce, "Baban Serah, wai wa ke takarar nan, kai ko shi?"

"Ke dai ki fara ɗinka anko."

A lokacin ba a jefa ƙuri'a a akwati, layi ake yi a bayan hoton ɗan takara, a ƙirga kawuna. Ranar zaɓe Obadiah ya tsaya gefe a gindin mangwaro, cikin sabuwar riga. Matan zumuntar majami'a suka iso, suka ga mai rijiya da kansa, suka ce me za su yi da hoto? Suka jeru a bayansa, mazansu suka biyo.

Da ya juya ya ga jama'a, maimakon ya kora su wajen hoton, sai ya gyara murya. Ya fara da taki. Ya kira sunan wata tsohuwa. Yana cikin shirun nan nasa malamin zaɓe ya gama ƙirga layuka biyu na hotuna, ya tafi. Leonard ya sha ƙasa, ya zagi Obadiah tas da Hausa, ba tafinta.

Obadiah ya koma gonar citta, bai kuma daina tafinta ba har ƙarfinsa ya ƙare. Sai dai duk wanda ya zo gayyatarsa taro, roƙo ɗaya Obadiah yake yi masa: "Don Allah, ɗan'uwa, ku tsayar da ni a jikin bango."