Malama Khairiya da Yatsan Sarkin Fawa

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa riskar Malama Khairiya a gida ba. Tana can makarantar sakandare a Sokodé tana koyar da Ingilishi. Da la'asar kuma ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanta a Zongo, 'yan kasuwa su jeru da takardun da suka zo musu daga Gana. Daga shafin ƙarshe take fara karatu, kowa ya san ta da haka.

Bana ta yi ritaya. Ko taron shayi ba mu yi mata ba. Abin kunya!

Ku tambayi mahautan garin Dapaong abin da ta yi musu. Wata ƙungiya daga waje ta ɗauke ta tafinta, aka tara mahauta da dillalan shanu har daga Korbongou. Takarda ce da Ingilishi aka kawo musu su dangwala, ta roƙon a yafe wa ƙasashe matalauta bashi. Wa zai ƙi? Sarkin Fawa Huseini har ya tsoma yatsa a tawada. A wajensu kuwa, in Sarki ya dangwala kowa bi yake, tambaya rashin ladabi ce.

Malama ta ce, "Baba Sarki, dakata!"

Jami'in ƙungiyar ya haɗe rai. "Madam, shafin farko muka ce ki fassara."

"Amma a na ƙarshe kuke son yatsunsu." Ta juya ga mahautan. "Nan an rubuta kun yarda a cire kuɗin kwastan a kan daskararren naman da ake shigowa da shi daga ƙetare. In ya cika kasuwa da araha, wa zai sayi naku?"

Alhaji Hammajoda, dillalin shanu, ya miƙe. "To yafe bashin fa, Malama?"

"Shi muna so, Alhaji. Su raba takardar biyu."

Suka ƙi rabawa. Sarki ya goge yatsansa a jikin benci, ba wanda ya dangwala. Motar ƙungiyar ta koma Sokodé ba da Malama ba, ba su kuma sake kiranta ba.

Ke ce kika san aikin zai tafi, kika buɗe baki duk da haka. Mun gode, Malama, ko da mun makara.

Ku kuma 'ya'yanmu masu digiri da ke fassara rabi ku haɗiye rabi saboda alawus: iyayenku ne zaune a bencin nan. Ku faɗa musu duka.