Magogin Goro

Shekarata ta biyu a jami'a muƙamuƙina ya fara ƙara. In na yi hamma sai in ji ƙas a gindin kunne, kuma abokin ɗakina ya ce ina cizon haƙora cikin barci. Tsoron jarrabawa ne. Ni kaɗai na kai jami'a a layinmu na Abbaganaram, kullum gani nake in na faɗi, da unguwar gaba ɗaya zan faɗi. Kafin in dawo Maiduguri hutu, bakina ba ya buɗuwa fiye da faɗin yatsa ɗaya. Ban gaya wa kowa ba, don a lokacin gani nake ɗan jami'a ya wuce a ce tsoro ya kama shi.

Babana ɗan Kano ne, kifin banda yake sayarwa a Baga Road. Yana da wata al'ada: in zai girmama mutum, sai ya raba goro da hannunsa ya ba shi rabi, a ci tare nan take. Washegarin zuwana ya kai ni rumfarsa, ya tara abokansa. Wani dattijo Babarbare ya riƙe hannuna yana ta yi mini sannu da Barbarci, "Wushe, wushe, ɗanmu!" Baba ya zaɓi farin goro ya raba, ya miƙo mini. Bai taɓa yi mini haka ba.

Na san ba zan iya gatsa ba. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ce, "Baba, mu a jami'a ba ma cin goro, yana ɓata haƙora."

Na faɗi wannan a gaban mutum shida masu jajayen haƙora. Baba ya mayar da goron cikin ganyensa, ya tambayi dattijon ko motar Baga ta iso.

Sauran hutun kunu na yi ta sha a ɗakin Inna, tana gasa mini kumatu da tsumma mai zafi. Na roƙe ta kada ta gaya wa Baba. Na ƙi sake bi ta kasuwar don kunya, a gida ma gaisuwa ce kawai ke haɗa ni da Baba.

Ranar komawata ya raka ni tasha. Mota na shirin tashi ya sa mini wani ƙunshi a hannu. Goro biyar ne da tsohon magogi, irin gwangwanin nan mai huji da tsofaffi marasa haƙora ke goga goro a kai.

Ya ce, "Na kakanka ne. Shi ma bakinsa ya gaza, amma bai taɓa mayar wa mutum goronsa ba."

Na so in ce ya yafe mini, na tsaya ina neman ta inda zan fara har direba ya ja mota. Sai da na kai Potiskum na daina kuka.