Ranar da Jirage Suka Zo Tsibirinmu

Da asubar ranar babana ya dawo daga teku da kifi cike da kwando. Inna tana kankare kwakwa a bakin ƙofa, ƙanina Jamil na goye a bayanta. Gidanmu a kan turaku yake, bisa ruwa, a wani tsibirin Musulmi a kudancin Filifin. Ina budurwa lokacin. Sojojin Japan sun daɗe da mamaye mu. Sun mai da makarantar garin sansani, mu kuma mun koyi rusuna musu.

Da hantsi muka ji ruri daga gabas. Jiragen saman Amurka ne. Bam na farko ya faɗa makarantar. Na biyu ya faɗa kasuwa, inda yayata Sitti ta kai kifi. Kunnuwana suka toshe. Ina ganin bakin inna yana motsi, ba na jin komai.

Bayan azahar sojojin Japan suka fito daga ramukansu. Wani cikinsu ya ga fararen zannuwan da muka shanya, ya ce alama muka yi wa jirage. Suka tara maza a bakin ruwa.

"Ku durƙusa!"

Ba su ɓata harsashi ba. Da wuƙar bakin bindiga suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan babana bai yi ihu ba, tari kawai ya yi.

"Gudu!" in ji inna.

Muka faɗa kwalekwalen maƙwabta. Wajen la'asar, muna tsakiyar ruwa, wani jirgin Amurka ya dawo. Ya sauko ƙasa-ƙasa har na hango kan matuƙin. Muka ɗaga hannuwa. Wata mata ta ɗaga jaririnta sama don ya gani. Ya zagayo, ya buɗe wuta. Harsashi ɗaya ya shiga ta bayan Jamil, ya fita ta ƙirjin inna. Ban kwance goyon ba. Tare muka zura su cikin teku.

Daga baya Amurkawa suka sauka tsibirin, suna raba abincin gwangwani suna shafa kan yara. Na shiga layi, na karɓa, na ci.

Bayan yaƙi kawuna ya kawo ni aikin hajji, ya rasu a nan Makka. Ni kuma na zauna, na auri Malam Haruna, tela, mutumin Sakkwato. A bakinsa na koyi Hausa. Matan unguwarmu Misfala 'yar tsibirin Jawa suke ce mini, ban taɓa gyara musu ba.

Bara Malam Haruna ya sayo rediyo ƙirar Japan, yana ta murna.

"Hajiya, ji muryarshi. Kuwayyis, mai kyau ne wallahi!"

Na ce Allah ya sa albarka.

Jiya 'yata Safiya ta tambaye ni wa ta biyo a hanci. Na zauna ina laluben fuskar inna, ban same ta ba. Baba, Sitti, inna, Jamil. Babu mai kabari a cikinsu.