Lakar da Na Kai Ƙofar Gidan Malam Ma'azu

Labarin ya same ni a bakin wani tafki tsakanin Gangara da Belbeji, ina fama da tura babur daga cikin taɓo. Waya ta yi ƙara, na goge hannu a wando na ɗauka. Muryar Sani ce, ƙanen Malam Ma'azu. "Lawali, Malam ya cika. Za a yi sutura bayan la'asar." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake maimaitawa, sannan idona ya sauka kan baburin da ke hannuna. Allah ya sani, kafin hawaye su zo, kunya ce ta fara rufe ni.

Malam Ma'azu shi ne babbanmu a aikin duba lafiyar dabbobi. A hannunsa na koyi riƙe allura, na koyi yadda ake yi wa makiyayi sallama, da yadda ake haƙuri a ji gaisuwarsa har ƙarshe kafin a tambaye shi shanu. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa, ba ya kuma son a yi masa ita. Duk wanda ya san shi a Damargu, da baburinsa ya san shi: dogon baburin daji mai manyan haƙoran taya, wanda ya tsufa amma ba ka taɓa ganinsa da dauɗar jiya.

Idan ya dawo daga daji da damina, ba ya cin abinci sai ya gama da shi. Yakan jingine shi a gindin aduwar da ke bayan gidansa, ya bari injin ya huce. Sai ya ɗauki kara ya fara kankare laka daga ƙarƙashin murfin taya da tsakanin haƙoranta, domin a ƙasarmu ba a ɓarnar ruwa a kan abin da kara zai iya cirewa. Ruwan ma na sama ne, wanda yake tarawa a randa ƙarƙashin indararo. Yakan cusa tsumma a bakin salansa, ya jiƙa sauran lakar, ya bi ta da buroshi a hankali. Daga ƙarshe ya share sarƙa ta bushe, ya riƙa juya taya da hannu ɗaya yana ɗiga mata mai da ɗayan. Yana cewa, "Laka tun tana ɗanya nake sallamarta. In ta kwana, sai ta ɗauka gidansu ne."

Mu matasan biro, wato ofishinmu, mun mai da abin na tsokana. Amaryar Malam muke kiran baburin. Ba ya fushi, sai dai ya ɗago kai ya ce, "To ku zo ku kama mini, ai ba mutum ɗaya ke shirya amarya ba." Amma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne, ya sha faɗa mana. Ciwon boru, mai kama bakin shanu da kofatonsu, yana bin laka daga wannan mashaya zuwa waccan. Shi ya sa ko a daji yake tafiya da jarkar ruwa ɗaure a baya. Idan ya hango garke, sai ya tsaya nesa, ya wanke tayoyi da takalmansa, sannan ya ƙarasa. "Wannan ƙarfen ƙafafuna ne," in ji shi. "Ba na shiga gidan mutum da lakar gidan wani." Makiyaya sun ga wannan shekara da shekaru, kuma saboda shi ne da yawansu suka yarda aka fara yi wa dabbobinsu rigakafi.

Da farkon daminar bana ƙafafunsa suka kumbura, ya kwanta. Ya kira ni ya sa mini makullin baburin a hannu, ya ce, "Ga ƙafafuna nan, ka kula da su." Makon farko na wanke shi kamar yadda na gani. Daga nan gajiya ta fara ba ni shawara: gobe ma ruwa za a yi, gobe ma taɓo zan shiga, me zai sa in wahalar da kaina? Laka ta hau kan laka har launin baburin ya ɓace, sarƙa ta bushe ta fara kuka. Idan zan je dubiya, sai in ajiye shi a kwana wajen mai shayi, in ƙarasa da ƙafa.

"Lawali, ina abokina?" Haka yake tambayata kullum.

"Yana nan lafiya lau, Malam."

"Ka kawo shi in gan shi."

"In sha Allahu, jibi."

Wannan jibin nake ta turawa gaba, da niyyar sai na wanke shi tukuna, har waya ta same ni a bakin tafki.

Ranar ba ni da lokacin wanki, kuma babu inda zan ɓoye shi. Jama'a ta cika titi tun daga kwanar mai shayi. Haka na ratsa mutane da shi har ƙofar gidan da na yi ta guje wa kai shi, ina ji kamar kowane ido a kaina yake. Bayan mun dawo daga maƙabarta, wani dattijon makiyayi mai suna Buba, wanda ya yi doguwar tafiya don ya sami jana'izar, ya tsaya a kan baburin yana dubansa. 'Yan'uwansa na zaune kusa, suna ji.

"Ɗan nan, kai ka gaji wannan?"

"Ni ne, Baffa."

"Shanunmu suna jiran allura. Amma da wannan lakar kada ka zo mana. Ba mu san tafkin da ta fito ba." Sai ya ƙara da cewa, "In ba za ka iya ba, ka gaya mana tun yanzu, mu san Ma'azu ya tafi da aikinsa."

Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da Malam ya gina a hankali tsawon rayuwarsa, ga shi yana neman rushewa a hannuna tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na bar baburin a nan na tafi gida a ƙafa, don ba ni da fuskar da zan sake hawansa a gabansu.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, Yaya Ramatu, mai ɗakin Malam, ta aika a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa, tana daga ciki. Aka turo mini bokitinsa, da buroshi, da tsumman salansa, da 'yar kwalbar man sarƙa.

"Ya ce a ba ka waɗannan," in ji ta. "Ruwa na nan a randa, ya hana a taɓa. Lawali, ya san inda kake ajiye shi. Duk zuwan da ka yi, tun daga kwana yake jin kukan sarƙar. Na ce masa ya yi maka faɗa mana, ya ce a'a, yaron nan kunya yake ji, kuma mai jin kunya zai dawo hanya da kansa."

Ban san sa'ad da na tura baburin gindin aduwa ba. Na ɗauki kara na fara kankara. Lakar ta zama kamar bangon ɗaki, sai da na jiƙa na jira, na sake jiƙawa. Ina aikin ina kuka, masu zaman makoki suna wucewa suna kallo, ban ƙara damuwa da idon kowa ba. Can sai na ji an karɓi moɗa daga hannuna. Baffa Buba ne. Ya riƙa zuba mini ruwa kaɗan-kaɗan ina gogewa, har jan fentin ya fito. Da na ɗiga wa sarƙa mai na juya taya, ta yi shiru, sai ya ce, "Bayan kasuwa ka zo. Ka tsaya nesa, yadda yake yi."

Malam ya roƙe ni abu ɗaya yana kwance, ya ga abokinsa, na hana shi. Wannan ba zai gyaru ba, kuma ba na neman kowa ya rage mini nauyinsa. Abin da ya rage a hannuna shi ne kara da buroshi da jarkar ruwa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Ma'azu, ka wanke shi daga kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka rufa masa asiri ranar tonon asiri, kamar yadda ya rufa mini nawa yana ji yana sani. Ka ba Yaya Ramatu da 'ya'yansa da ƙanensa Sani haƙuri, ka zama gatansu a bayansa. Mu kuma da ya bar wa aiki, ka sa mu riƙe shi da tsabta har ranar da za a kira mu. Amin.