Kyanwar Salmatu da Buhunan Wake

Shekara goma sha bakwai ke nan Salmatu tana sayar da shinkafa da wake a bakin iyakar Jibiya, inda manyan motoci ke jeruwa kafin su ƙetara Nijar. 'Yar Daddara ce, aure ya kawo ta gari. Da mijin ya rasu, sai ta tsaya a kan tukwanenta. Direbobi sun san ta da cika kwano, sun kuma san ba ta haɗiye magana.

Tana da wata kyanwa da take kira Baƙuwa, saboda daga bayan wata motar Maraɗi ta diro tana ƙarama. Tun zuwanta ɓeraye suka daina ɓarna a ɗakin ajiya.

Bayan kakar bara kyanwar ta canza. Tana kwance lafiya sai fatar bayanta ta kama rawa, kamar ana jan ta da zare daga ciki. Sai ta zabura, ta ciji jelarta, ta yi ta susa har gashi ya zube. Salmatu ta duba ko ƙuma ce, ba ta ga ko ɗaya ba.

Maƙwabciyarta Rabi ta ce iska ce ta shige ta, a kai ta daji a yar. Ya'u mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa kuwa dariya ya yi.

"Hajiya, shanu da awaki muke wa magani. Kyanwa ai sai ki nemi wata."

"Ita ba rai gare ta ba?" in ji Salmatu. "Ka ce ba ka sani ba, ya fi maka mutunci."

Ta dawo ranta a ɓace. Wani direba ne ya ba ta labarin Malam Abbas, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya a Bugaje. Ta rufe tukwane, ta sa Baƙuwa a kwando, ta hau babur. Dattijon ya daɗe yana shafa bayan kyanwar, sannan ya tambaya inda take kwana.

"Bisa buhunan wakena, Baba."

Ran kasuwa ya zo da kansa. Ya kwance buhu, ya damƙo wake, ya sansana, ya yi sauri ya kakkaɓe hannu.

"Maganin feshin gona aka zuba wa waken nan don kada ƙwari su ci. Ba zan rantse shi kaɗai ne ciwonta ba, akwai kyanwoyin da ke yin haka ba a gano dalili. Amma raba ta da buhunan nan. Kuma kada ki sake ɗora waken a wuta."

Salmatu ta yi lissafi. Wata biyu tana zuba wa mutane abin nan. Ta ciko kwano, ta nufi rumfar Manu, dillalin da ta yi shekara tara tana sayen wake a hannunsa. Ta dire masa a gaban jama'a.

"Kai gida a dafa wa 'ya'yanka."

Manu ya ce kowa haka yake yi, in an wanke ai ya fita.

"To wanke ka ci ina kallo. Kyanwa ma da ta kwanta a kai kawai fatarta ta kasa zama, ni kuma ka bar ni ina ɗura wa bayin Allah a ciki."

Bai taɓa kwanon ba. Salmatu ta sa aka haƙa rami aka binne buhu uku, ta bi masu abinci rumfa-rumfa tana faɗa musu. Wasu suka ji, wasu suka ce ta cika fitina a kan kyanwa. Yanzu daga wani manomi a ƙauyen Kusa take sayen wake, mai ajiyarsa a buhun leda mai rufi uku.

Gashin Baƙuwa ya sake tsirowa cikin wata guda. Har yau jefi-jefi bayanta kan motsa, Malam Abbas ya ce a sa ido kawai. Manu kuwa in ya hango Salmatu tafe, sai ya tsallaka titi.