Ba-Zama, Na Cire Muryarka Daga Waƙar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokina, injiniyan sauti, wanda duk 'yan harkar kiɗa suka sani da Ba-Zama, bayan gajeriyar jinya. Ina kan layin shan mai ƙanwarsa ta kira ni. Motar da ke gabana tana ta zuba waƙarmu, direban yana kaɗa kai, bai san wanda ya haɗa ta ya riga mu gidan gaskiya ba.

Ba-Zama, tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, kamar ka bar mini halinka gado. In shiga situdiyo, in fito, in koma. Kujerarka tana nan da tulin wayoyi a kanta, don ban taɓa ganin ka zauna mata ba. A tsaye kake aiki, a tsaye kake cin abinci, a tsaye kake yi mana faɗa.

Bari in tuna wa mutane yadda aka yi, tunda kai ba ka iya yabon kanka ba. Bara na fitar da wata waƙar soyayya mai sanyi, salon R&B, na zuba mata duk abin da nake da shi. Shiru kake ji. Ko ƙanwata sau ɗaya ta saurara, shi ma don kara. Na yanke shawarar sayar da kayan aikina in koma shagon kawuna. Da ka ji labari sai ka zo ka ɗauke makirufona ka kai gidanka, ka ce in na isa in je in karɓa a gaban matarka. Kunya ta hana ni zuwa. Haka ka yi wa mutane da yawa, wani ka gyara masa piyano kyauta, wani ka bar masa ɗakin ɗaukar sauti ya koyi aiki, kana yi kana mita don kada a gode maka.

Sannan ka ce, "Waƙarka ba ta da laifi, tafiyar mai ciwon baya kawai take yi. Ba ni ita." Ka zare piyanon, ka ƙara mata sauri, ka shimfiɗa ganga mai nauyi a ƙarƙashinta, abin da muke kira rimis. Ba ka taɓa yarda da manyan lasifikun situdiyo ba. Sai ka sauka shagon mai aski, ka sa waƙar a 'yar lasifikarsa mai karkarwa, ka zuba wa ƙafafun masu jiran layi ido. Ka ce fuska ta iya kara, ƙafa ba ta iya ba. Ranar da wani dattijo mai karanta jarida ya fara buga dunduniya bai sani ba, ka ce an gama.

A cikin aikin nan ka yi kuskuren da ban taɓa ganin ka yi irinsa ba. Ka sa ni sake rera amshi, ni kuwa ɗabi'ata ce in sunkuyar da kai in ina waƙa. Ka daka mini tsawa, "Ɗago kai mana!" Ka manta naka makirufon yana shiga ɗauka. Ba mu farga ba sai da waƙar ta isa hannun masu sa kiɗa a gidajen rawa. Kai da ko hoto ba ka so, ko saƙon murya ba ka turawa, ka yi ta zagaye ɗakin kana cewa a janye. Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Masu sa kiɗa suka koma rage sauti a daidai wurin, jama'a su ɗaga hannu su yi ihun tare da kai. Daga gidajen rawa ta shiga rediyo, ta yi ta hawa jerin waƙoƙin da ke tashe har ta kai lamba ɗaya. Tana can ka kwanta, tana can ka tafi.

Da masu gaisuwa suka ragu, mahaifiyarka ta sa aka kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ɗan nan, an ce muryarsa na cikin waƙar da ake rawa da ita. Shi yana kwance, ana tsalle da muryarsa? Ban hana ka waƙarka ba. Ka dai cire mini ɗana." Ina fitowa matarka ta tare ni a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Yaya, ita ce fa kaɗai muryarsa da muke da ita." Da na kira kamfanin da ke rarraba waƙar kuwa, cewa suka yi ko na zautu ne, wa ke taɓa waƙar da ke lamba ɗaya?

Na rasa inda zan sa kaina. In buɗe na'urar haɗa sauti, in rufe, in sauka titi, a can ma kai nake ji daga kowane shago. Wallahi na ji haushinka, don kai ne mai raba mana irin wannan gardama, kuma ka tafi ka bar ni da ita. Daga ƙarshe na ga uwa ba ta roƙo sau biyu. Na yanke kalmomin nan, na tura wa matarka su a wayarta ita kaɗai. Na aika wa gidajen rediyo da masu sa kiɗa sabuwar, na roƙe su su goge tsohuwar. Wadda ke cikin wayoyin mutane ta fi ƙarfina. Wurin da na yanke na bar shi fanko, domin ban iya ɗinki irin naka ba.

Jiya da la'asar na bi ta layin masu sayar da waya, aka saki sabuwar a babbar lasifika. Da aka zo gurbin, sai masu shago da masu ciniki, har da wata mata mai goyo, suka cike shi da bakinsu. Daga nan gidanku na wuce, na durƙusa na ce, "Mama, na cire, amma mutane suna faɗa da kansu." Sai ta goge ido da gefen mayafinta ta ce, "Wannan bakinsu ne. Nawa dai ya huta."

Allah ya hutar da kai, Ba-Zama. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa alheran da ka ɓoye su tarbe ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da matarka, da ƙanwarka, da duk wanda ka taɓa yi wa faɗa don ya gyaru. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.